Murjani: Maginin Teku da 'Yan Hayarsa

Kakata tana da wata 'yar kwalla mai murfi da take turawa can ƙarƙashin gado. A cikinta akwai murjani guda tara a zare ɗaya, ragowar kayan aurenta. Ranar da take cikin nishaɗi takan fito da su ta ba mu mu taɓa. Sanyi gare su a hannu, sun fi na roba nauyi, jansu kuma ba mai ƙyalli ba ne, ya fi kama da na goron da aka ɓare. Idan ka kai ɗaya kusa da ido sai ka ga 'yan siraran layuka a jikinsa da wasu ƙananan ramuka. Takan ƙwanƙwasa shi a haƙorinta, ta ce haka ake bambanta na gaske da na kwalba. Da muka tambaye ta ko mene ne, cewa ta yi dutse ne na gabas.

Ta yi gaskiya, amma rabi. Dutse ne, sai dai dabba ce ta gina shi, ƙashinta ne ake ratayawa a wuya. Sunan ma aro ne daga Larabci, kuma duk wanda ya sauke Alƙur'ani ya ci karo da shi a Suratur Rahman, inda aka ambaci lu'ulu'u da murjani cikin abin da ke fitowa daga teku. Irin na kakata daga Bahar Rum ake ciro shi, a gaɓar Tunisiya da Aljeriya da tsibirin Sardiniya, garin Torre del Greco da ke kusa da Napoli a Italiya kuwa har gobe shi ne cibiyar masu sassaƙa shi. Yana cikin hajar da ayarin raƙuma ke ƙetaro Sahara da ita. Su kansu Turawan da ke bakin ruwan sun daɗe suna ɗaukarsa tsiro ne mai fure. Sai a shekarun 1720 wani likita ɗan Faransa, Jean-André Peyssonnel, ya lura cewa furannin nan suna motsi, suna noƙewa idan an taɓa su. Da ya kai maganar gaban malaman birnin Faris na Faransa, ba su yarda da shi ba.

To amma jan murjanin ado ɗan uwa ne na nesa ga wanda ya dame ni a yau. Shi na ado a cikin kogon duwatsu da wurare masu duhu yake zama, yana girma da ƙyar, ba ya gina komai sai 'yan rassansa. Wanda nake nufi shi ne na ruwan ɗumi mara zurfi, wanda ke tara tudu da ganuwa masu tsawon ɗaruruwan kilomita a ƙarƙashin teku. Mafi girmansu, Great Barrier Reef da ke gabas da Ostireliya, ya kai kimanin kilomita 2,300, wato ya ninka nisan Kano zuwa Legas har ya ɗan ɗora. Dukan tuddan murjanin duniya idan aka haɗa su ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma an ƙiyasta cewa kusan rubu'in nau'o'in halittun teku suna rayuwa a jikinsu ko suna biyowa ta nan a wani mataki na rayuwarsu.

Shi maginin kansa ba abin a zo a gani ba ne. 'Yar jaka ce mai baki ɗaya, galibi tsakanin girman ƙwayar gero da ta wake, an kewaye bakin da 'yan yatsu masu harbi. Tana zaune cikin wani ɗan ƙoƙo da ta yi wa kanta da sinadarin da take tsotsa daga ruwan teku, irin sinadarin alli da ɓawon ƙwai da farar ƙasar da ake yin siminti da ita. Tana tohowa ta fitar da wata kamarta, ita ma ta yi nata ƙoƙon, a haka har su zama dubbai a manne da juna. Abin da ke da rai a jikin tudun murjani wata 'yar siririyar fata ce a sama. Duk abin da ke ƙasanta ƙasusuwan iyaye da kakanni ne. Mai rassa yakan ƙaru da santimita 10 ko fiye a shekara, mai siffar curi kuwa da ƙyar yake yin santimita ɗaya.

Sirrin yana cikin naman dabbar. A can akwai wata irin gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda ido ba ya gani, sama da miliyan guda a wurin da bai fi faɗin farce ba. 'Yan haya ne. Mai gida ya ba su ɗaki da tsaro, ya ba su dattin jikinsa a matsayin taki, su kuma suna girka abinci da hasken rana kamar kowane ganye, su miƙa masa mafi yawansa. A wasu nau'o'in har kashi 90 cikin 100 na abin da murjani ke rayuwa da shi daga hannun 'yan hayar nan yake fitowa. Launinsa ma, ruwan ƙasa-ƙasan nan da kore-kore, yawancinsa nasu ne. Da dare ne yakan miƙo 'yan yatsunsa ya kamo ƙananan halittu ya ƙara da su.

Wannan zaman na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ya warware wani abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Ruwan nan shuɗi garai-garai da ake tallata wa 'yan yawon buɗe ido, garai ɗinsa alamar talauci ce: babu abinci a cikinsa, hamada ce ta ruwa. Ta yaya kasuwa mai cika haka ta ci a tsakiyar hamada? Amsar ita ce a garin murjani ba a zubar da komai. Kashin wannan abincin wancan ne, abin da ya fita daga bakin wani ya faɗa na wani, ɗan abin da ake da shi yana ta zagayawa a cikin gida. Shi ya sa ma idan taki ya yi yawa, kamar inda ake zuba ruwan masai ko takin gona a teku, murjani ne ke fara shan wahala, domin ciyawar teku ta fi shi saurin cin moriyar ƙoshi.

Ga inda gizo ke saƙar, kuma a ganina nan ne mafi yawan bayanan da ake yi wa jama'a ke tsallakewa. Ana nuna mana hotunan launuka, sai mu ɗauka lambun furanni ne. Alhali gini ne, kuma irin ginin ƙasa, wanda duk wanda ya tashi a cikinsa ya san cewa shekarar da aka fasa yaɓe damina za ta ci rabonta. Dare da rana ana rushe tudun murjani. Igiyar ruwa tana karya shi, tsutsotsi da soso na teku suna huda shi ta ciki, kifaye suna gurgurarsa. Yana tsaye ne kawai saboda abin da ake ginawa ya ɗan fi abin da ake rushewa. Ranar da lissafin ya juya, ko da akwai sauran murjani mai rai nan da can, garin ya kama hanyar zama kufai.

Dubi kifi mai bakin aku. Haƙoransa sun haɗe sun zama kamar ƙoton tsuntsu, masu ninƙaya ma suna jin ƙarar gurgurarsa a cikin ruwa, ƙaras-ƙaras. Ciyawa da gansakukar da ke jikin dutsen yake nema, amma yana haɗawa da dutsen, ya niƙa shi da wasu haƙoran da ke maƙogwaronsa, ya kasayar da shi farin yashi. Wani bincike da aka yi a ɗaya daga tsibiran Maldif da ke Tekun Indiya ya gano cewa fiye da kashi 85 cikin 100 na sabon yashin da ake samu a wurin daga cikin wannan kifi ya fito. Masu kuɗin da ke kwanciya a farin rairayi suna ɗaukar hoto, a kan kashin kifi suke. Marushi ne ke nan, amma kuma shi ne mai noma: yana share ciyawa ya bar fili fes inda jaririn murjani zai sauka ya kama.

Idan ginin ya rinjayi rushewa na tsawon zamani, abin da ke fitowa ya wuce hankali. A 1842 Charles Darwin ya yi hasashen cewa tsibiran nan masu siffar zobe da ke Tekun Fasifik da Tekun Indiya asalinsu duwatsu ne masu aman wuta da suka riƙa nutsewa sannu a hankali, murjanin da ke gefensu kuma ya riƙa hawa sama yana bin haske, har dutsen ya ɓace aka bar zoben. Ya mutu ba a tabbatar ba. Sai a 1952, da Amurkawa suka yi haƙa a tsibirin Enewetak inda suke gwajin makaman nukiliya, suka ratsa fiye da mita 1,200 na ƙashin murjani kafin su taɓo baƙin dutsen da ya faɗa. Aikin kimanin shekara miliyan 50 ke nan.

A irin waɗannan zobba ƙasar Maldif take zaune, tsibirai kusan 1,200 da tsayinsu bisa ruwa bai wuce mita ɗaya da rabi ba a matsakaici. Kuma muna da tsohuwar alaƙa da su, ko da ba mu sani ba. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce, mafi daraja cikin wurin da aka yi ciniki da shi a kasuwannin Kano da Katsina kuwa daga tafkunan da ke cikin zobban Maldif aka tsamo shi. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a can, ya ce ana ba da wuri 400,000 a dinari ɗaya a tsibiran, sannan ya zo ya tarar da shi a Mali da Gao ana ba da 1,150 kacal a dinari.

Amfanin da mutane ke samu a yau, kusan duk daga siffar ginin yake. Lunguna da ramuka da rassa su ne maɓoyar ƙananan kifaye, inda suke girma kafin su kai munzalin shiga komar masunci. Ɗaruruwan miliyoyin mutane a ƙasashe sama da 100 da wannan kifin suke miya. Gargadar jikin ganuwar kuma ita ke karya igiyar ruwa. Wani nazari na 2014 da ya tattara awon wurare da dama ya nuna cewa tudun murjani yana rage ƙarfin igiya da kashi 97 cikin 100 kafin ta iso gaɓa. Idan ya mutu ya baje, kifi ya rasa ɗaki, ruwa kuma ya samu hanyar shiga gari.

Alhazanmu na dauri da suka taka da ƙafa ta Chadi da Sudan sun ga wannan dutse da idonsu. Birnin Sawakin, inda suke jiran jirgin ruwa zuwa Jidda, da tubalin murjani aka gina benayensa, haka ma tsoffin gidajen Jidda. Da Turawan mulkin mallaka suka buɗe tashar Port Sudan a farkon ƙarni na 20, domin mashigar Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci, 'yan kasuwa suka tashi, aka daina shafe bangon da farar ƙasa, benayen suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Yau yawancin tsohon garin tarin fararen duwatsu ne.

Wani zai ce, mu da muke da teku daga Legas har Kalaba, ina namu? Babu wani na kirki, kuma ba laifin kowa ba ne. Kogin Kwara da Kwango da Volta suna kwararo ruwan daɗi da laka, murjani kuwa gishiri yake so da haske. Ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wasu watanni a gaɓar Ghana da Kwaddibuwa. Murjanin Afirka yana gabas ne: Bahar Maliya, Kenya, Tanzaniya, Mozambik, Madagaska.

Yanzu sai maganar zafi. Murjani ya fi jin daɗi tsakanin digiri 23 zuwa 29 a ma'aunin Salsiyas, kuma a kowane wuri yana zaune ne dab da iyakar abin da zai iya jurewa. Idan ruwan ya ɗara zafin da aka saba gani a watan da ya fi kowane zafi da digiri ɗaya tak, ya kuma daɗe haka makonni, sai murhun 'yan haya ya lalace. Maimakon abinci, sai su fara fitar da guba. Mai gida ba shi da zaɓi sai ya kore su. Da sun fita launi ya tafi, farin ƙashin ya bayyana ta cikin naman da ya zama kamar gilashi. Wannan shi ne koɗewar murjani. Bai mutu ba tukuna, yunwa ce yake ciki. Idan ruwa ya huce da wuri, 'yan haya su dawo, ya farfaɗo, ko da yake yakan jima bai koma girma da haihuwa sosai ba. Idan zafin ya zarce, ya mutu, cikin 'yan makonni ciyawa ta lulluɓe gawar.

Kafin shekarun 1980 ba a san koɗewa mai game yanki guda ba. A 1998, shekarar babban El Nino, wato yanayin da ruwan Tekun Fasifik ke ɗumi fiye da kima, aka ga ta farko da ta game duniya. Ta biyu a 2010, ta uku daga 2014 zuwa 2017. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta sanar da ta huɗu, kuma zuwa 2025 zafi mai iya koɗar da murjani ya taɓa kusan kashi 84 cikin 100 na tuddan duniya. Great Barrier Reef ya koɗe a 1998 da 2002, sannan 2016, 2017, 2020, 2022, 2024. A 2016 kaɗai kusan kashi 30 cikin 100 na murjaninsa na ruwa mara zurfi ya mutu. A dubi tazarar shekarun nan da kyau. Murjani mafi saurin girma yana bukatar shekara 10 zuwa 15 kafin ya mayar da abin da ya rasa, ga shi ana dawo masa duk bayan shekara biyu. Sannan iskar kabon da ke ɗumama duniya, teku na shanye kusan rubu'inta, tana ƙara wa ruwan tsami, tsamin kuma yana sa gina ƙashi ya ƙara tsada ga magini. Zafi na kashe ma'aikata, tsami na rage siminti.

Duk da haka zafi ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, kuma labarin Jamaika ya isa shaida. A ƙarshen shekarun 1970 murjani mai rai ya rufe fiye da rabin tuddan arewacin tsibirin. Masunta sun riga sun kwashe kifayen da ke cin ciyawa, amma ba a ga illar ba, domin akwai wata baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi da ta ɗauke aikin noman ita kaɗai. A 1980 guguwar Allen ta kakkarya murjanin. Yana cikin farfaɗowa, a 1983 wata annoba ta taso daga wajen Panama ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na bushiyoyin a faɗin Karebiyan. Babu sauran mai noma. Zuwa farkon shekarun 1990 murjani ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100, ciyawa ta haye fiye da kashi 90.

A tsibiran Seshel da ke Tekun Indiya an ga fuskokin biyu a lokaci guda. Zafin 1998 ya kashe kusan kashi 90 cikin 100 na murjaninsu. Masana suka bi diddigin tudu 21 na tsawon shekaru: 12 suka farfaɗo, 9 suka zama gonar ciyawa. Waɗanda suka tsira su ne masu ɗan zurfi, masu yawan lunguna, masu isassun kifaye masu kiwo, waɗanda ruwansu bai cika taki ba. Har ɓera yana da hannu a lamarin. A tsibiran Chagos, su ma a Tekun Indiya, an kwatanta waɗanda ɓeraye suka shiga ta jiragen ruwa da waɗanda ba su shiga ba. Inda babu ɓera tsuntsayen teku sun cika, kashinsu yana gangarawa ruwa daidai gwargwado, kifin da ke kewayen, idan aka auna shi gaba ɗaya, ya fi na ɗaya ɓangaren nauyi da kusan rabi.

Saboda haka nake ɗan ja da baya idan na ga ana ta yayata dashen murjani a matsayin mafita. Aiki ne mai kyau, ana tsinke reshe a raine shi a jikin igiya ko ƙarfe a mayar da shi. Amma filin da ake dasawa da eka ake auna shi, wanda ake asara kuwa da dubban murabba'in kilomita. A bazarar 2023, da ruwan Florida ta Amurka ya yi zafin da ba a taɓa gani ba, sai da masu rainon suka riƙa kwaso murjaninsu suna gudu da shi cikin tankuna a tudu, da yawa daga wanda suka riga suka dasa kuma ya mutu. Hana kamun kifi da nakiya, barin kifi mai bakin aku ya yi aikinsa, tace ruwan masai kafin ya shiga teku, waɗannan sun fi araha kuma sun fi tasiri, sai dai ba sa yin kyau a hoto. Su ma ɗin lokaci kawai suke saya. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjanin zai tafi. Idan ta kai digiri 2, fiye da kashi 99.

Inda masana suka fi sa rai shi ne arewacin Bahar Maliya, wajen mashigin Akaba. Murjanin can yana jure ƙarin digiri biyar ko fiye a gwaji ba tare da ya koɗe ba. Bayanin da aka fi karɓa shi ne kakanninsa ta kudu suka shigo bayan zamanin ƙanƙara na ƙarshe, ta mashigin Babul Mandab inda ruwa ke da tsananin zafi, sai masu juriya kaɗai suka wuce, zuriyarsu kuma ta zauna a ruwan da ya fi sanyi. Ana ganin ko da sauran sun tafi, wannan zai iya zama iri.

Sai ga shi a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 baƙar bushiyar can, 'yar uwar ta Jamaika, ta fara mutuwa. Ƙayoyinta su zube, naman ya saɓule, cikin kwana biyu ta zama fanko. Masu bincike sun gano ƙwayar cutar iri ɗaya ce da wadda ta sake afka wa Karebiyan a 2022. Cikin watanni ta bi gaɓar Masar da Jodan da Saudiyya, ta fita Tekun Indiya har tsibirin Reunion, inda igiyar ruwa ta riƙa watso ɓawon bushiyoyin a bakin gaɓa.